Malam Sake-Faɗa da Ledar Ƙarin Ruwa

Yayana malamin Turanci ne, kuma duk wanda ya taɓa zama ajinsa bai san shi da wani suna ba sai Malam Sake-Faɗa. Ko amsar da ka bayar daidai ce, sai ya karkata kai, ya kama kunnensa na hagu da yatsu biyu, ya ce, "Sake faɗa." Mu ma na gida ba mu tsira ba. Na taɓa ce masa abinci ya sauka, ya ce in sake faɗa, na ce masa ni ba ɗalibarsa ba ce, in bai ji ba ya je a wanke masa kunne.

Ni tela ce, kuma ni ce autar gidanmu. Shagona ɗaki biyu ne, na gaba inda kekuna suke, da na baya inda a da nake jibge yadi da ragowar ƙyallaye. Wannan na bayan Yaya ya roƙa, ya zuba benci da allo, ya mayar da shi ajin yamma. Katako ne kawai tsakaninmu, shi ma bai kai rufi ba, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Ina taka keke ina jin komai, kuma ɗan Turancin da na tsinta a sakandare ya ishe ni in gane inda magana ta dosa.

Ba don son wahala ya buɗe ajin ba. Albashin malami kowa ya san halinsa, kafin wata ya raba ya yi sallama. Babu wata hanya da malamin Turanci ke bi ya ƙara samu wadda Yaya bai taka ba. Ya yi lesin gida-gida ga 'ya'yan masu hali, inda ake shanya shi a baranda har sai yaro ya gama kallo. Ya yi makin takardun jarrabawa har idonsa ya nemi tabarau. Ya rubuta wa mutane takardar neman aiki, ya gyara wa 'yan jami'a rubutunsu na kammala karatu. Ya ma buga wani ɗan littafin nahawu, wanda rabinsa har yau yana ƙarƙashin teburin yankana, ɓeraye suna ta ƙaruwa da ilmi. Da aka ce masa ana samu a koyarwa ta waya, ya sayi abin saƙalawa a kunne, ya zauna gaban farin bango yana murmushi, layi na yankewa yana tsakiyar jimla. Kowace ya gwada sai ta kawo ɗan abin cefane ta tafi.

Yana gidan wani ɗan kasuwa yana lesin matarsa ta rasu.

Yaya yana da doka: in ya fara darasi, waya a kashe take, tasa da ta ɗalibi. Ranar da rana tsaka ciwo ya kayar da matarsa a tsakar gida, babu kowa sai 'yarsu, wadda muke kira Tsigi saboda ƙanƙantarta. Lokacin ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ta kira babanta ta ji a kashe, ni kuma ina can cikin kasuwa wajen sayen yadi. Maƙwabta suka taimaka aka kai uwar asibiti. Babu gado, sai aka kwantar da ita a benci a baranda, aka sa mata ƙarin ruwa. Ƙarfen da ake rataye ledar ma babu, sai aka miƙa wa yarinya aka ce ta ɗaga sama, kada ta kuskura ta sauke, in ta sauke jini zai biyo robar. Haka Tsigi ta tsaya, hannu a sama, in na dama ya mutu ta mayar na hagu, tana ɗage saboda gajarta. Mutane na wucewa ba mai kallonta. Sai can wata tsohuwar nas ta zo wucewa, ta ja ta tsaya, ta yago bandeji ta ɗaure ledar a ƙarfen taga, ta kama hannun yarinyar tana murza mata, ta ce, "Sauke hannunki, 'yata, na karɓe ki."

Kafin la'asar uwar ta cika. Yaya ya kunna waya a bakin ƙofar ɗan kasuwa ya tarar da saƙo.

Sau ɗaya Tsigi ta ba da wannan labari. Bayan an watse daga zaman makoki ne, tana zaune a gefen babanta, ni ina ninke tabarmi. Ta faɗe shi daga farko har ƙarshe ba hawaye, ta rufe da cewa ita nas za ta zama. Daga ranar ba ta sake ɗaga zancen ba, mu ma ba mu taɓa shi ba. Yaya bai sake aure ba, ya dai ƙara yawan lesin.

Ana nan aka gina wani babban asibiti a bakin gari, mai likitoci daga ƙasashe daban-daban. Albashin nas a can ya ninka na ko'ina, amma sau ɗaya suke ɗaukar ma'aikata a shekara, kuma sai ka zauna gaban mutum uku sun yi maka intabiyu da Turanci. A nan 'yan mata da samari masu takardu masu kyau suke zubewa. Sun iya allura, sun iya ɗinkin rauni, amma da an ce su yi bayanin kansu sai baki ya mutu. Yaya ya hango kasuwa, ya rubuta a kwali ya manna a ƙofar shagona cewa ana koyar da amsa tambayoyin intabiyu.

Akwai tambaya ɗaya da ba sa tsallakewa: me ya sa ka zaɓi aikin jinya? Kowa kuma amsarsa ɗaya ce, wai yana son taimakon jama'a. Yaya ya ce wannan amsa ruwa ce, ba ta riƙe kunnen kowa. Ɗalibarsa ta farko wata doguwa ce mai rawar murya. Ya yi juyin duniya ta kawo wani abu daga rayuwarta, ta ce ita dai babanta ne ya cike mata takardar makaranta. Ranar sai na ji ƙarar alli a kan allo. Da ya gama ya ce ta karanta. Ta fara karantawa tana tuntuɓe, ni kuma ƙafata ta tsaya a kan keke, domin na ji baranda, na ji benci, na ji ledar ruwa a hannun yarinya.

Doguwa ta ci intabiyu. Aka ce har ɗaya daga cikin masu tambayar ta share ido.

Kafin shekara ta zagayo benci ya cika, wasu a tsaye, wasu a bakin ƙofa suna tare min iska. Kowa labarin Doguwa yake so. Yaya yakan ɗan sauya shi, wannan ya ba ta uwa, wancan ya ba shi kaka ko ƙanwa, wani a ce da safe, wani da yamma. Amma ledar tana nan, bandeji yana nan, tsohuwar nas tana nan da maganarta. Har inda za a yi shiru a haɗiye miyau yake koya musu. Abu ɗaya ya canza wa kowa da kowa: a ƙarshen nasu, marar lafiya takan warke, ta miƙe ta koma gida da ƙafarta.

Ban yi shiru ba, ni ba a san ni da haka ba. Da ɗalibai suka watse wata rana na shiga na same shi yana share allo.

"Yaya, wannan abin da kake sayarwa na waye?"

"Misali ne kawai, Auta. Kowane malami yana ba da misali."

"Misali a gidan wa? Yarinya ta buɗe maka cikinta sau ɗaya, kai ka zo ka baza a tire?"

"Ba suna a ciki. Wa zai sani?"

"Ni na sani. Kuma don me ka tashe ta? Matar nan mun binne ta da hannunmu."

Ya daɗe yana goga tsumma a wurin da ya riga ya goge. Sannan ya ce masu intabiyu ba sa son labarin mutuwa. Ya juyo ya tambaye ni ko na san da me ake biyan makarantar jinyar da Tsigi take yi, da kuɗin ɗakin kwana, da littattafai. Na sani. Na tsuke bakina na koma kan keke, raina a ɓace, don gaskiya ya faɗa kuma ba ta yi min daɗi ba.

Amma ni ban yarda masu intabiyu ne kawai dalili ba. Na sha leƙawa ta saman katako in ga fuskarsa idan ɗalibi ya kai ƙarshen labarin. Ko an faɗa daidai, sai ya kama kunne, ya lumshe ido, ya ce a sake faɗa. A wurin nan ya fi tsayar da su, wurin da matar take tashi.

Tsigi ba ta san komai ba. Makarantarta a wani gari take, kuma in ta zo hutu Yaya yakan koma koyar da nahawu zalla, ya wanke allo tas. Ta girma, amma ba ta yi jiki ba, kuma ba ta da yawan magana. In ta kafe a kan abu, babanta ne sak. Da ta gama makaranta da sakamako mai kyau, ba ta nemi shawarar kowa ba ta kai takardunta babban asibiti, suka kira ta intabiyu. Yaya ya yi murna a gabanta. Da ta juya baya na ga ya zauna a benci kamar an zare masa laka.

Ana saura 'yan kwanaki intabiyun sai ga Doguwa a shago, cikin farin kaya, ta yi ƙiba abinta. Ba ta ko zauna ba.

"Malam, wallahi akwai matsala. Shugabar nas-nas ta gane."

"Ta gane me?"

"Labarin ledar nan. Ta ce bara kaɗai ta ji shi har ya gundure ta, wai ko duk garin nan a baranda ɗaya aka kwantar da iyayensu. Ta rantse bana duk wanda ya kawo shi za ta soke sunansa, kuma ba za a sake kiransa ba har abada. Don Allah kar ka ce ni na faɗa, ni ma a tsorace nake."

Yaya ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Doguwa na fita ya hau kiran ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa su watsar da wancan, su zo a nemi wani. Wasu suka yi ta masifa a waya, wai sun biya kuma sun haddace. Duk wannan bai dame ni ba. Na jira ya ajiye wayar na ce, "Saura ɗaya ba ka kira ba."

"Zan yi mata magana."

"Yaushe?"

"Auta, ki bar ni in samu yadda zan faɗa."

"Kai da ke koya wa mutane magana? In ba za ka iya ba ni zan gaya mata yau ɗin nan."

Ya riƙe min hannu, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Ya ce in ta ji a bakin wani, ko ni ce, ya rasa ta ke nan. Ya ce in yi masa wannan alfarma guda, ya faɗa da kansa. Na ce to, amma kada ya kai ranar.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Na ɗinka wa wata hannun riga a baibai har sau biyu. Kullum da yamma Yaya zai ce yau zai faɗa, kullum da safe in tambaye shi ya hau kame-kame. Ya dai yi ta zagaye. Ya ce wa Tsigi ta zo ya gwada ta, ta yi dariya ta ce ita ba za ta hau bencinsa ba, Turancin da ya ɗura mata tun tana rarrafe ya isa. Ya rubuta mata wata amsa mai kyau a kan son ilmin jikin ɗan Adam, ta karanta ta ce, "Baba, wannan ai ba ni ba ce."

Ana jibi intabiyu ta zo gwajin rigar da na ɗinka mata, ruwan toka mai dogon hannu. Tana tsaye gaban madubi, ni ina durƙushe ina kama mata ƙasan rigar, bakina cike da allurai. Yaya yana bayan katako shi kaɗai, ina jin motsin takardunsa.

"Gwaggo, kin san me zan ce in sun tambaye ni dalili?"

Na girgiza kai.

"Zan ba su labarin Mama. Bayan ke da Baba ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawayena na makaranta. Na ajiye shi ne don ranar nan. Ina jin in na faɗe shi a wurin, kamar na sauke hannun ke nan."

Motsin takardu ya tsaya cak a bayan katako. Na jira. Na ce a raina yanzu zai fito, ai babu lokacin da ya fi wannan. Na ji ya ja benci, na ji takunsa, sai na ji ƙofar baya ta buɗe ta rufe. Allura ta soke ni a leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Tsigi ta duƙo tana tambaya ko lafiya, na ce ta tsaya sosai kada rigar ta karkace.

Da yamma na tare shi a hanya, ban damu da masu wucewa ba. Na ce masa matsoraci ne, na ce gobe in rana ta faɗi bai faɗa ba, alkawarina ya warware. Ya kauce ya wuce. Washegari da magariba ya leƙo shago, idonsa ja, ya ce, "Na yi mata magana."

"Ka gaya mata?"

"Na ce miki na yi mata magana."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta ji."

Na yi ajiyar zuciya har da hamdala. Ya ce gobe yana da aji a makaranta, ba zai samu raka ta ba, ni in je. Na ɗauka kunya ce ta hana shi haɗa hanya da ita, na ce ba komai.

Da safe na ga Tsigi garau, har tana tsokanata wai na fi ta yin kwalliya. Na yi mamaki, amma na ce yarinyar nan dama zurfin ciki gare ta. Asibitin kuwa wani irin wuri ne, ƙasa na ƙyalli, sanyi na ratsa ƙashi, ba ka jin ko warin magani. Aka jera masu intabiyu a kujeru a wani dogon lungu, kowa da takardunsa a cinya. A ƙarshen lungun akwai ƙofa, da wani ma'aikaci mai kiran suna.

Kusa da ni wani saurayi ne da ban taɓa gani a ajin Yaya ba. Idonsa a rufe, leɓensa na motsi, yana ɗan ɗaga hannun dama sama yana saukewa. Na kasa kunne, na ji bandeji, na ji ƙarfen taga. Ashe labarin ya daɗe da fin ƙarfin mai shi, ɗalibai sun yi ta tura wa juna a waya. Aka kira saurayin ya shiga da ƙarfin gwiwa, kafin in gyara zama ya fito, fuska a murtuke, ya wuce ko kallonmu bai yi ba.

Na matsa kusa da Tsigi na rage murya.

"Jiya babanki ya yi miki magana ko?"

"Ya yi."

"Me ya ce miki?"

"Wai kar in kawo zance mai sa kuka, manyan nan ba sa so. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ba zan yi kuka ba."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan. Me ya faru, Gwaggo?"

Sai aka kira sunanta. Na cafke wuyan hannunta. Ta ina zan fara, ga mutane sun zuba mana ido, ga mai kiran suna ya sake kira yana duba agogo.

"Tsigi, kar ki ba da labarin mamanki. Ki ce komai, ban da shi. Zan yi miki bayani."

"Ke ma?" Ta yi murmushi ta zare hannunta a hankali. "Ku bar tsoro. Gaskiya fa zan faɗa. Sake ni, za ki yamutsa min hannun riga."

Ta shiga, ƙofa ta rufe. Na miƙe na bi ta, mai kiran suna ya tare ni da hannu ya ce 'yan rakiya su zauna. Ban zauna ba. Na tsaya jikin bango ina kiran wayar Yaya, ban ma san me zan ce masa ba in ya ɗauka. A kashe take, yana cikin darasi.

Ba ta daɗe ba ta fito. Ba ta yi kuka ba, kamar yadda ta yi alkawari. Ta wuce ni ta nufi matakala, na bi ta da sauri, sai da muka sauka har ƙasa ta tsaya ta jingina da bango. Ta ba ni labari da murya ɗaya, ba hawa ba sauka.

Ta ce tambayoyin farko duk ta amsa, har likitan da ke gefe yana gyaɗa kai. Sai shugabar nas-nas ta tambaye ta dalili. Ta fara. Tana kaiwa inda aka miƙa mata ledar, matar ta ajiye biro. Tana kaiwa ƙarfen taga, matar ta ɗaga hannu ta ce ta dakata, ita za ta ƙarasa mata: tsohuwar nas ta murza miki hannu, ta ce sauke hannunki na karɓe ki, sannan mahaifiyarki ta warke ta koma gida, ko ba haka ba? Tsigi ta ce a'a, ta rasu. Matar ta dubi na kusa da ita ta ce, to, wannan ta ɗan yi ƙoƙari, ta sauya ƙarshen. Suka yi 'yar dariya. Sannan ta ja layi a kan sunanta, ta ce ta gaishe da malamin nan na bayan shagon tela.

"Gwaggo," in ji Tsigi, "shagon tela nawa ne ke da malami a baya?"

Na gaya mata komai a wurin, a tsaye, tun daga Doguwa. Ta saurara tana murza hannunta na dama da na hagu, ban jin ta san tana yi. Sunan nan da aka soke ba a mayar da shi ba. Daga baya Yaya ya je da kansa har sau biyu, ba a ko bar shi ya wuce ƙofar farko ba. Yau Tsigi tana aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa, inda albashi yake zuwa in ya ga dama.

Amma ranar ba gida ta ce mu tafi ba, shago ta ce. Muka zauna a cikinsa har la'asar, ita a kan kujerar masu jiran ɗinki, ni ina ta warware wani ɗinki da ba shi da laifi. Ɗalibai suka fara shigowa ta ƙofar baya. Muka ji muryar Yaya yana gaishe su, muka ji ya ɗauki alli. Sai ta tashi ta ɗaga labulen ƙofar da ke tsakani, na bi bayanta.

Yana ganinta allin ya faɗi. Ɗalibai suka waiwayo. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin rigarta ruwan toka, ta gaishe shi yadda ta saba.

"Baba, ina wuni."

"Tsigi... bari in sallami..."

"A'a, su zauna. Ai duk sun san shi, ni kaɗai ce ban taɓa ji ba. Faɗa min yadda ka rubuta."

"Mu je gida, 'yata, in yi miki bayani."

"Ba bayani nake so ba. Labarin nake so, da bakinka."

Na ɗauka zai gudu ta ƙofar baya kamar wancan karon. Bai gudu ba. Ya dafa teburi, ya fara, da Turancinsa mai kyau wanda duk garin ake yabo. Ya faɗi baranda da benci. Ya faɗi hannu yana mutuwa ana sauyawa. Ya faɗi yadda yarinyar take ɗage saboda gajarta, abin da ni har na manta ta faɗa. Babu kalmar da ya yar a cikin abin da ta gaya masa tana 'yar shekara goma sha biyu. Wata a benci na gaba ta rufe baki da gyale, don ta gane wace ce a tsaye. Da ya kai ƙarshe ya ƙarasa yadda ya koya wa kowa: da yamma sai mahaifiyata ta buɗe ido, ta kira sunana, bayan kwana biyu muka koma gida tare.

Tsigi ta dube shi.

"Kowa ka ba shi wadda ta tashi," ta ce. "Ni kaɗai ka bar wa wadda ta mutu."

Bai ɗago ba. Na matsa zan kama ta mu fita, don na zaci abin da zai biyo baya ba na gaban ɗalibai ba ne. Sai ta zame daga hannuna, ta je ta zauna a ƙarshen benci na baya, ta haɗa gwiwoyinta kamar sabuwar ɗaliba. A lokacin ne hawayen suka zo mata.

"Daga inda ta buɗe ido," ta ce. "Sake faɗa, Baba."